Kofur da Gorar Shanya

In dai ina da rai da hankalina, ba zan taɓa manta daminar shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ba. Kowa da abin da yake tuna shekarar da shi, wani rantsar da sabon gwamna, wani muƙamin da ya samu ko ya kuɓuce masa. Ni kuwa kare nake tunawa. E, kare, mai ƙafa huɗu da jela. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu nakan yi, amma a lokacin ko ƙarfin murmushi ba ni da shi.

Mahaifina tsohon soja ne, da igiyar saje ya yi ritaya. Yana da ɗan gidansa a Tarauni, ta wajen Babban Giji. Tun da mahaifiyarmu ta rasu ya ƙi ƙara aure, ya kuma ƙi komawa gidan kowa. Ƙannena duk aiki ya watsa su garuruwa, ni kaɗai ce a Kano, ina aure a Gyaɗi-Gyaɗi, ina koyarwa a wata firamare a Unguwa Uku. Sai dai ni 'yar fari ce, kuma Baba irin mutanen da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da haƙori. A wajen kakata na tashi. Bai taɓa kiran sunana ba, in zai yi maganata sai ya ce "waccan ta Gyaɗi-Gyaɗi". In na je gaishe shi, daga bakin ƙofa nake durƙusawa.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya. Ya mutanen gidan?"

Shi ke nan, hira ta ƙare, idonsa na kan bango. In ajiye kular abinci in ja gefe in zauna. Ba ƙiyayya ba ce, na sani, haka ya taras ana yi. Amma abin da ke ci mini rai shi ne, mutumin nan da ba ya iya haɗa jimla uku da ni, sai ya juya wajen karensa ya yi ta zuba. "Kofur, ka ji abin da rediyo ta ce? Wai za mu koma bariki. To mu da muka daɗe da komawa fa?" Karen ya karkata kai yana saurare. Wallahi na sha fitowa daga gidan nan ina jin kishin kare, da girmana da 'ya'yana.

Kofur karen gida ne, ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Kafin shi Baba ya yi wani, ɓarayi suka jefo masa nama mai guba ta katanga, aka wayi gari ya mutu. Baba ya daɗe bai warware ba. Da ya samo wannan yana ɗan kwikwiyo, sai ya ɗauke shi aiki. Ya yi masa rumfa a bayan gida, ya ware masa kwanonsa, ya koya masa zama da tashi da tsayawa inda aka ce ya tsaya. Ko da wasa Kofur ba ya taka ɗaki, balle wajen salla. Akwai wata tsohuwar rigar kaki da Baba ke sawa in zai yi hidimarsa, ya yi masa wanka, ya bi jikinsa yana cire kaska yana jefawa a gwangwanin kananzir. In zai ba shi abinci kuwa, sai ya tsuguna ya ajiye kwanon, ya dafa kansa, su yi 'yar maganarsu, sannan ya tashi ya wanke hannu ya sauya riga. Ni dai in na ga an zo wajen nan kau da kai nake, ina cewa a raina gata ya yi wa dabba yawa. Mutanen layin suna gulmarsa, yana sane. Abin da yakan ce kawai shi ne, na gadi ne, shari'a ba ta hana ba, kuma ruwan wanke hannu bai yi tsada ba.

Ana cikin hidimar miƙa mulki aka zo har makaranta aka kira ni, wai an tsinci Baba a faɗe a tsakar gida. Haushin Kofur ne ya tara maƙwabta. A babban asibitin da ke kusa da mu aka ce hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da magana. Da ya farfaɗo ya yi ta motsa baki yana son faɗin wani abu, gumi na keto masa. Na matso daga bakin ƙofa na kasa kunne. Da ƙyar kalma ɗaya ta fito, a karkace: Kofur. Ba ni ba, ba ƙannena ba. Na ce, "Baba, yana hannuna. In sha Allahu ba abin da zai same shi." Ya lumshe ido. Da bakina na ɗauki amanar nan, ba wanda ya sa ni.

Barin Kofur a gidan Baba ba zai yiwu ba, don maƙwabta sun ce ko in ɗauke shi ko su nemi masu sayen karnuka. Na tsayar da tasi, direba ya leƙo ya ga abin da ke bayana ya ja motarsa ya yi gaba. Na biyu ya ce, "Haba Hajiya, a motar da nake ɗaukar masallata?" Maigidana kuwa ba ya nan. Ma'aikacin gwamnati ne, kuma a kwanakin nan shi da abokansa ba su da aiki sai zagayen taya murna gidajen sababbin manya, ko Allah zai sa a tuna da su. Dole uwar na ƙi. Na kama ƙarshen sarƙa da bakin mayafina, na miƙa hannu iya tsawonsa, muka kamo hanya a ƙasa daga Tarauni har Gyaɗi-Gyaɗi, rana tsaka, ga taɓon ruwan da aka yi. Duk inda muka gifta sai an daina abin da ake yi an bi mu da kallo. Wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya ce, "Hajiya, mulkin farar hula ake yanzu, a saki fursunan nan mana!" Na ci gaba da tafiyata. Shi kuwa Kofur tafiya yake a gefen hagu, daidai ƙafata, in na tsaya ya zauna. Ko sau ɗaya bai ja sarƙar ba.

Na ɗaure shi a gindin darbejiyar bayan gida, na kafa masa tsohon kwanon rufi saboda ruwa. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta yi salati. "Malama, kin kori mala'iku da hannunki?" Na ce mata a bayan gida yake, kuma amana ce. Ta ce to Allah ya kyauta. Maigida ya dawo ya tsaya daga nesa ya ce ai amana ba abin wasa ba ce, in kula da shi sosai, sannan ya tambaya ko an goge masa babbar rigarsa ta gobe.

A nan ne fa tsugune ba ta ƙare ba. Kofur ya ƙi cin abinci.

Yadda nake ba shi kuwa, akwai wata doguwar gora da muke tokare igiyar shanya da ita. Sai in zuba abinci a kwanonsa, in tsaya can baya, in tura da gorar har gabansa. Ni a ganina na yi dabara, na sauke nauyi kuma ban taɓa shi ba. Shi kuma ya zauna daram a gaban kwanon, ya dubi abincin, ya dube ni, yawu na zuba, jela na share ƙasa. Sai ya miƙo wuya ya sunkuyar da kai wajena. Ni kuma in yi tsalle baya in ce, "Kai, kul! Kada ka lashe ni!" Ya koma ya zauna. Haka za mu yi ta kallon juna har in gaji in tafi, kaji su zo su cinye a gaban idonsa.

Na ce ko tuwona ne bai yi masa ba. Na jiƙa ƙanzo da romo, ya ƙi. Na je wajen mahauta na karɓo ƙashi mai ɓargo, ya ƙi. Kan kifi, hanta, madara, har tsire na saya wa kare, abin da ban saya wa 'ya'yana ba a watan. Ruwa kawai yake sha, don shi kullum yana nan a gefensa. Na koma gidan Baba na ɗauko tsohuwar rigar kakin nan na jefa masa, ya kwanta a kanta ya cusa hanci, amma kwano bai taɓa ba. Kan a ce haka haƙarƙarinsa sun fito ana ƙirgawa.

Gajiyar da na sha a kwanakin nan, har yau ban manta da ita ba. In tashi in dafa na yara, in dama kunun asibiti, in tura wa kare kwano, in tsaya a bakin titi jiran bas ga wahalar mai, in yi ta ihu a aji, in dawo asibiti, in dawo gida in tarar da kwano cike da ƙudaje. Wata rana a aji na rubuta darasi a allo, na juyo, na rasa me nake koyarwa. Yara suka zuba mini ido. Na zauna a kujera na ce su karanta da kansu.

Na nemo likitan dabbobi. Ya ɗaure masa baki da ƙyalle, ya duba shi, ya yi masa allura, ya ce ba wata cuta, kewar ubangidansa ce. Na ce to mene ne maganin kewa? Ya ce a yi haƙuri, yunwa za ta sa shi ci. Ya ƙara da cewa in ya fara, a ba shi abu mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan. Da ya zo fita sai ya rage murya ya ce in bai fara nan kusa ba, in shirya. Raina ya ɓaci, na koma na tsaya a kan karen ina masifa kamar mutum. Na ce, "Kai wane irin mai taurin kai ne? Ga abinci a gabanka! So kake ka mutu ka ja mini abin faɗa?" Ya ɗago ido da ƙyar, ya kaɗa jela, ya sake miƙo kan nan. Na ce kai ka sani, na shige ɗaki na yi kukana.

A asibiti ma ba sauƙi. Wani ɗan'uwan maigidana ne ke kwana da Baba, shi ke juya shi, shi ke ba shi abinci a baki. Ni nawa in kawo kula in ajiye a kan durowa, in gaishe shi, in koma kujerar bakin ƙofa, yadda muka saba. Kullum da na shigo idonsa na kaina, na san tambayar. Sai in ce, "Yana nan lafiya, Baba, yana cin abincinsa." Ya daɗe yana kallona, abin da bai taɓa yi ba da lafiyarsa, sannan ya juya fuska bango. Ya san ba gaskiya ba ne. Ya fi kowa sanin karensa. Wani lokaci ya ɗaga hannun hagu yana wani nuni, bakin na motsi ba sauti, ni kuma in tashi da sauri in kira mai jinya, a zatona juyi yake so. Abin da ke hana ni sukuni ɗaya ne: ranar da zan shigo ɗakin nan in ce masa Kofur ya mutu a hannuna, da yunwa, ga abinci a gabansa.

Da likitoci suka ce a koma gida a ci gaba da jinya, ba inda za a kai shi sai gidana. Na san ba ƙaramin abu ba ne a wajensa, tsoho ya kwana gidan suruki, kuma gidan 'yar fari. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan la'asar muka iso, an ɗauke ruwa ke nan. Ranar maigida ya zauna a gida, Allah ya saka masa, shi da direban tasi suka ɗora Baba a kujerar roba za su kai shi ɗakin da na gyara. Suna shiga tsakar gida Baba ya yi tari. Sai muka ji wani ɗan siririn kuka daga bayan gida. Kofur ne, wanda ya kwana biyu ko haushi ba ya iyawa.

Baba ya fara dukan hannun kujera. Maigida ya ce, "Baba, a huta tukuna, an jima a kai ka." Ya ci gaba da duka, har kujerar na neman kifewa. Na ce ku kai shi kawai. A raina ina cewa yau asirina ya tonu.

Suka ajiye shi a gindin darbejiya. Kofur ya yunƙura zai tashi, ƙafafun baya suka ƙi, sai ya jawo jiki da na gaba har ya iso gaban kujerar. Bai yi tsalle ba, bai lashe shi ba. Zama ya yi ƙoƙarin yi, irin wanda aka koya masa. Baba ya dube shi tun daga kai har jela, hawaye na bin gefen fuskar da ta shanye. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Na ruga na ɗebo romo da ɗan kunu a kwanon, na ajiye a ƙasa, na ɗauko gorata na fara turawa.

Baba ya bi gorar da ido tun daga bakin kwano har hannuna. Sannan ya yi wani sauti a maƙogwaro, irin na sajen da ya ga kurtu ya riƙe bindiga a juye. Ya yafito ni. Na matso kaɗan na durƙusa. Ya sake yafitowa. Na matso har ina jin warin maganin asibiti a jikinsa, kusancin da ban taɓa yi da shi ba. Na ɗauka zai dafa karen ne da kansa, tunda hannun hagunsa lafiya lau yake. Sai kawai na ji ya damƙi wuyan hannuna.

Jama'a, ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, kuma ban san yadda tafin hannun mahaifina yake ba sai ranar. Kaushi gare shi, da ɗumi. Ya ja hannuna, ban iya ƙwacewa ba. Ya ɗora shi a kan Kofur, tsakanin kunnuwan nan, ya danne da nasa a sama. Na ji ƙashin kan a tafina, na ji karen ya sauke wani dogon numfashi. Baba ya ɗaga hannunsa ya bar nawa. Kofur ya dube shi, ya dube ni, ya sunkuya ya sa baki a kwano.

Sai a lokacin komai ya dawo mini. Karen farko da naman guba. Tsugunon nan da dafa kai da nake kau da ido a kansu ina cewa gata ne. Ashe horo ne. Baba ya koya masa kada ya ci komai, ko me ƙamshinsa, sai an dafa kansa an ba shi izini, don kada wani ya sake jefo masa ajalinsa ta katanga. Duk miƙo kan da yake yi mini, izini yake roƙo. Ni kuma ina can ƙarshen gora ina ce masa kul. Kuma Baba da gangan ya ƙi dafa shi da kansa. Ya san shi da tsugunawa gaban kwanon nan sai dai a tuna, dole karen ya san wani hannun.

Kofur ya ci gaba da lasar kwano. Maigida ya juya baya yana gyara hula. Da Kofur ya gama, Baba ya nuna buta da haɓarsa, wato doka tana nan, a wanke hannu. Dariya ta kuɓuce mini cikin kuka. Na ɗauko buta da sabulu na wanke nawa. Sannan na tsaya da butar a hannu ina duban nasa. Na ce a raina, in ya janye shi ke nan. Na kama hannun na zuba ruwa na cuɗa, yatsa bayan yatsa. Ya kau da kai yana kallon katanga, amma bai janye ba.

Daga ranar ni ke ba Baba abinci a baki. Na sallami ɗan'uwan maigida da godiya, sai abin da ya zama dole namiji ya yi. Da yamma a fito da shi gindin darbejiya, in kunna musu rediyo, in sa tsohuwar rigar kakin nan a kan kayana in tsuguna ina cire kaska, shi kuma yana gyara mini da ido in na yi ba daidai ba. Gajiya ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi, maƙwabciyata kuma ba ta fasa salatinta ba. Maigida bai samu muƙamin da ya yi ta zagaye dominsa ba, ya koma ofishinsa na da. Baba bai kai ƙarshen kaka ba Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa. Maganarsa ba ta dawo ba, don haka har ya tafi bai kira sunana ba. Ban kuma riƙe wannan a raina ba, na samu abin da ya fi suna.

Kofur ya yi shekaru a gidana yana gadi, har ya tsufa haƙoransa suka zube. Bai taɓa taka ɗaki ba, bai kuma taɓa cin loma ba sai na dafa kansa. In tafiya ta kama ni, sai na kama hannun wanda zai riƙe shi na ɗora, yadda aka yi mini. A gindin darbejiyar nan muka binne shi. Gorar kuwa ta koma aikinta na shanya.

Abin da na koya shi ne, ciyarwa daban, kulawa daban. Mukan tura wa namu abinci daga nesa, a kwano ko a kula, da sunan tsarki ko kunya ko girmamawa, mu ce mun sauke nauyi, alhali suna zaune a gaban abincin suna jiran hannu. Kunya abu ce mai kyau, ban ce a yar da ita ba, tsarki ma haka. Amma in kana da tsoho a gida, ko wani mai rai da aka ba ka amanarsa, ka ajiye gorar ka matsa kusa tun yana nan. Hannu dai in ya ɓaci ana wanke shi, kuma kamar yadda Baba yake faɗa, ruwa bai yi tsada ba.